Auna gudanar lantarki a cikin dutse ta fuskoki daban-daban

Auna gudanar lantarki ta fuskoki daban-daban gwaji ne da masana kimiyyar ƙasa suke yi a ɗakin gwaje-gwaje don sanin ko wutar lantarki tana ratsa dutse da sauƙi iri ɗaya ta kowace fuska. A duwatsu da yawa ba haka abin yake ba. Dutsen laka mai falle-falle, alal misali, yana barin wuta ta bi tsawon shimfiɗarsa fiye da yadda take keta shimfiɗar daga sama zuwa ƙasa. Wannan bambanci shi ake kira anisotirofi.

Dalili

Yawancin ma'adanan dutse ba sa ɗaukar lantarki. Ruwan gishirin da ke cikin ƙananan ramukan dutsen ne yake ɗaukarsa, kamar yadda Gus Archie na kamfanin Shell ya nuna a 1942. Idan ramukan, ko tsagogi, ko ƙwayoyin laka sun jeru ta fuska ɗaya, wutar ma can za ta fi bi.

Yadda ake gwajin

Ana yanko dutse mai siffar gwangwani, faɗinsa santimita 2.5 ko 3.8, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ko kuma a yanka shi murabba'i mai fuska shida. Na biyun ya fi, domin dutse ɗaya ake aunawa ta fuskoki uku. Sai a zuƙe iskar ciki, a cika ramukan da ruwan gishiri, a matse dutsen tsakanin farantan ƙarfe biyu. Ana amfani da wuta mai kai da komowa don kada caji ya taru a bakin farantan ya ɓata sakamako. Zafi ma sai an kula da shi, domin ƙarin digiri ɗaya na rage turjiyar ruwan da kusan kashi 2 cikin ɗari.

Amfani

Masu haƙar mai sun fi kowa buƙatarsa. A ɗauka laka mai turjiyar om-mita 1 da yashi mai ɗauke da mai mai om-mita 20 sun jeru falle-falle da kauri ɗaya. Awo a kwance zai ba da kusan 1.9, a tsaye kuwa 10.5. Wanda ya dogara da awon kwance kaɗai zai zaci ruwa ne a wurin, ya rufe rijiyar da ke da mai.