Turancin Doka: Inda "A'a" Biyu Ke Zama Sharaɗi

Manoman Kaya, Maradun, Bakura da Talata Mafara sun san cewa maganar gona ba abar wasa ba ce. Rikicin diyyar gonaki na madatsar ruwa ta Bakolori, wanda ya jawo asarar rayuka a watan Afrilu na 1980, ya isa shaida. To, amma dokar da ke hukunta gonakin nan da Turanci take, kuma Turancin lauyoyi, wanda yakan rikita ko mai ilmi.

Mu ɗauki sashe na 21 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ya fara da "it shall not be lawful", watau bai halatta ba a sayar ko a jinginar da ƙasar da aka riƙe bisa al'ada. Can gaba sai ga "without the approval", watau ba tare da amincewa ba. Mai gaggawa yakan tsaya a korewar farko, ya ce an hana sayar da gona ɗungum. Wani kuwa yakan ce korewa biyu sun kashe juna, kowa ya yi yadda ya so. Dukkansu sun kauce. Manufar ita ce ana iya sayarwa, amma sai Ƙaramar Hukuma ta amince, ko Gwamna idan kotu ce ta sa a sayar.

Hausa ma tana da irin wannan gini. In aka ce ba a shiga sai da sallama, ba a rufe ƙofa ba, sharaɗi aka gindaya. Haka "unless" da "except" suke aiki.

Kuskure a nan yana da tsada. A 1989, cikin shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke jinginar wani gida a Legas domin ba a nemi yardar Gwamna ba, kamar yadda sashe na 22 ya tanada.

Saboda haka, ya kai ma'aikaci ko ɗalibi, in doguwar jimla ta sha maka kai, fara neman wanda ake magana a kansa, sa'an nan abin da aka hana shi, sa'an nan sharaɗin da ke ɗage hanin. Daga nan ka faɗe ta da Hausa, ka ji ko ta zauna. Manomin da ya kawo maka takarda da amana ya zo, kuma abincin iyalinsa yana iya rataya a kan kalma guda.