Zaɓen lojisiyel na zanen gini: wasu ma'aunai ga ɗalibai da ƙananan ofisoshi

1. Gabatarwa

Lojisiyel, wato manhaja, shi ne tsarin umarni da ake saka wa kwamfuta don ta yi wani aiki na musamman. Ɗalibanmu kan tambayi wanne ne ya fi kyau a fannin zanen gini. Wannan takarda tana so ta nuna cewa amsar tana wurin aikin ginin kansa. Hoto mai launi na gida da itatuwa kewaye da shi yakan burge mai gida, amma ba da shi magini yake aiki ba. Abin da yake riƙewa a hannu shi ne takardar da ke ɗauke da awo. Saboda haka lojisiyel mai kyau shi ne wanda yake fitar da takardun da ba su saɓa wa juna.

2. Takardun da aikin gini yake bukata

Ana bukatar zanen da ke nuna matsayin gini a cikin fili, da zanen shimfiɗa mai nuna ɗakuna da ƙofofi, da zanen yanka mai nuna tsayi daga tushe zuwa rufi, da zanen fuskokin gini. Bayan su akwai zanen katakon zuba kankare da na jerin ƙarafa, waɗanda suke fitowa daga hannun injiniya.

Kowane zane da ma'auninsa. A ma'aunin 1/100, bango mai tsawon mita 4 yakan zama santimita 4 a takarda. A 1/50 yakan zama santimita 8. Na farko ya isa ga takardun neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari. Na biyu shi ne na magina, kuma wurare masu wuya kamar matakala sukan bukaci 1/20. Idan zanen shimfiɗa ya ce taga mita 1,20 ce, zanen fuska kuma ya ce mita 1, sai an fasa abin da aka riga aka zuba. Asarar siminti da ƙarfe ke nan, ga kuma rigima tsakanin mai gida da ɗan kwangila.

3. Manyan iyalai biyu

Iyali na farko yana zana layi. Jagoransu shi ne AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982. Kwamfuta a nan ta maye gurbin allon zane da alƙalami ne kawai: layuka biyu da ke jere da juna mutum ne ya san bango ne, ita ba ta sani ba. In aka canza taga, dole a bi kowane zane a gyara shi da hannu.

Iyali na biyu yana gina siffar ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, abin da ake kira BIM. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya buɗe wannan hanya da ArchiCAD tun cikin shekarun 1980. Revit ya fito a 2000, Autodesk ta saye shi a 2002. A nan bango ya san kaurinsa da kayan da aka yi shi da su. In aka matsar da taga sau ɗaya, duka zane-zanen sukan bi, har da lissafin yawan kaya. Sai dai koyonsa yana ɗaukar lokaci, yana kuma son kwamfuta mai ƙarfi.

SketchUp, wanda shi ma ya fito a 2000, yana da sauƙi wajen nuna wa mai gida kamannin gidansa, amma shi kaɗai bai wadatar ba ga takardun magina. Lissafin ƙarfin ginshiƙai kuwa aikin wasu lojisiyel ne daban, irin su Robot, kuma wajibi ne a duba ko suna bin ƙa'idar da ofishin yake aiki da ita, BAEL 91 ko Eurocode 2.

4. Ma'aunai huɗu

Na ɗaya, abokan aiki. Zane yana yawo tsakanin mai tsara gini, da injiniya, da ma'aunin fili, da mai bugawa. Fayil irin DWG shi ne wanda kusan kowa yake iya buɗewa. DXF da IFC su ne gadoji tsakanin lojisiyel daban-daban. A lura cewa fayil ɗin Revit da aka ajiye da sabon zubi ba ya buɗuwa a tsohon zubi.

Na biyu, kuɗi. Tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan kuɗi lokaci-lokaci. Ɗalibi yana samun lasisin karatu kyauta, amma ba a yarda ya yi aikin kuɗi da shi ba. Kwafin sata da ke yawo a kan kile yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Akwai kuwa na kyauta: LibreCAD don zanen layi, da FreeCAD, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a 2024.

Na uku, yanayin wurin aiki. Inda wuta take yawan ɗaukewa, ga zafi da ƙura, lojisiyel mara nauyi da ke tafiya a kan kwamfutar hannu ya fi amfani. A kuma tuna cewa ba kowane gari ne yake da na'urar buga takarda A1 ko A0 ba. Gara a tsara shafuka yadda za su karantu a A3.

Na huɗu, irin ginin. An ƙera waɗannan lojisiyel ne da tunanin bango miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Bangon tubali na gargajiya kuwa yana da faɗi a gindi, yana sirancewa a sama, ga rufin azara da bakan gizo. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin Falke Barmu da ya sami kyautar Aga Khan a 1986, ba shi da misali a cikin rumbun siffofin da suke zuwa da lojisiyel. Haka rufin gini marar katako, da ginin birgin ƙasa matsattse irin na cibiyar Hikma ta Dandaji da aka kammala a 2018. Mai irin wannan aiki sai ya gwada ko lojisiyel zai bar shi ya ƙera siffa da kansa, ya kuma yanka ta daidai.

5. Kammalawa

Ga gida mai hawa ɗaya na birgin siminti, zanen layi ya wadatar. Ga makaranta ko gidan likita mai hawa da yawa, inda hannuwa da dama suke taɓa aikin, BIM ya fi rage saɓani. Shawararmu ga ofishin da ke shirin zaɓe ita ce ya ɗauki aikin da ya riga ya gama, ya sake zana shi da lojisiyel ɗin da yake so, ya buga shafukan a 1/50, ya miƙa su ga shugaban magina. Yawan tambayoyin da magini zai yi kafin ya fahimta shi ne zai nuna ko zaɓen ya yi.