Naman kaza na daji: Abin da Hausawa mazauna Fatakwal, Anacha da Inugu ya kamata su sani

Da zarar damina ta kankama a kudancin Najeriya, daga watan Afrilu zuwa Oktoba, naman kaza kan bayyana a kasuwannin Mile One da ke Fatakwal, Ose da ke Anacha da Ogbete da ke Inugu. Matan ƙauye ne ke tsinto shi da sassafe a gonaki, a jikin ruɓaɓɓun itatuwa da gindin suri. Ibo na kiran sa "ero".

Mafi daraja a cikin waɗanda ake ci shi ne dangin Termitomyces, wanda gara ke renonsa a cikin gidanta. Yana da doguwar jijiya da ke nutsewa cikin ƙasa. Akwai kuma "osu", wani dunƙule mai tauri da ake niƙawa tare da agushi domin kaurara miya.

Girkinsa ba shi da wuya. Ana yanke gindin, a wanke ƙasar sarai, a yayyaga shi, a soya da albasa da attaruhu, sannan a zuba a miyar agushi ko farfesu ya dahu sosai. Ba a cin na daji ɗanye. Wanda ya rage a shanya shi a rana ko a kyafe shi, domin yana saurin lalacewa.

Sai dai haɗarin yana wajen tsinta. Dajin kurmi ya fi na Arewa yawan nau'o'i, kuma mai dafi kan yi kama da mai kyau. Nau'in Chlorophyllum molybdites, alal misali, fari ne mai faɗin laima, yana fitowa a filayen ciyawa. Ƙarƙashinsa kan koma kore-kore idan ya girma, kuma yana haddasa amai da gudawa mai tsanani. Wasu daga dangin Amanita sun fi shi muni, domin dafinsu hanta yake ci, kuma tafasawa ko suya ko shanya ba sa kashe shi. Irin wannan ne ya halaka mutum 3 a jihar Victoria ta Ostireliya a 2023.

Gwaje-gwajen da aka gada ba abin dogaro ba ne. Ganin tsutsa ko dodon koɗi na cin wani nau'i ba shaida ce ta cewa mutum zai iya ci ba. Haka nan cokalin azurfa ba ya sauya launi don ya taɓa dafi.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne jinkirin alamomi. Dafin Amanita kan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 24 kafin ciwon ciki ya fara, sannan majiyyaci ya ji sauƙi na kwana guda alhali hanta na lalacewa. Manja da madara ba sa karya shi. Duk wanda ya ji ciwo bayan cin naman kaza a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Hanya mafi aminci ga baƙo ita ce sayen wanda aka noma a kan dusar katako, ko kuma na hannun ƴar kasuwar da ta shekara tana sayar da shi. Wanda ba a tabbatar da shi ba, a bar shi a inda ya tsiro, kuma a hana yara tsinta.