Wani Gida A Suleja Ya Zama Makaranta

Duk wanda ya taɓa kwana a Suleja ba ya bukatar carar zakara kafin ya san gari ya kusa wayewa. Tun da jijjifi motoci ke kwasar ma'aikata zuwa Abuja, su bi ta Madalla, su ratsa gindin Dutsen Zuma, su nufi Zuba. Da hantsi ya dubi ludayi kuma sai ka ga 'yan makaranta rututu bisa hanya, kowa da irin rigarsa. To, a wata unguwa ta bayan gari akwai wani gida na Kirista mai yara takwas, waɗanda ba sa bin wannan ayari. Makarantarsu tana tsakar gidansu, malamarsu kuwa ita ce uwarsu. Mun ziyarci gidan, kuma bisa ga roƙon masu shi ba za mu ambaci sunansu ba.

Maigidan Gbagyi ne, watau mutanen da Hausawa ke kira Gwari, ƙaramin ma'aikaci ne a Abuja. Uwargidan kuwa mutuniyar kudancin Kaduna ce, tana da takardar shaidar malanta ta NCE, ta kuma yi koyarwa shekara da shekaru. Shida daga cikin yaran su suka haife su, biyu kuma marayu ne, 'ya'yan wan maigidan da ya rasu. Babbarsu tana da shekara 15, autansu kuwa bai cika huɗu ba. Da yake harshen uba daban, na uwa daban, Hausa ce harshen gidan, da ita ake hira, da ita ake addu'a.

Mafarin Al'amari

Masu karatu za su tuna cewa a watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Uwargidan ta ce a lokacin ne ta shafe bangon baranda da baƙin fenti, ta sayo alli, don kada zaman banza ya lalata mata yara. Niyyarta ta 'yan watanni ce kawai. Sai ga 1 ga 2 abubuwa suka yi ta biyo baya. A watan Fabrairu na 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Kagara. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara kuma aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Ko da yake Suleja na da nisa da waɗannan wurare, mutanenta ba su mance da bom ɗin da ya tashi a majami'ar St. Theresa ta Madalla ran Kirsimeti na 2011 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma maigidan bai ɓoye mana ba, ya ce tsoro rabin dalili ne, ɗaya rabin kuwa aljihu ne. Makarantun gwamnati sun cika maƙil, na kuɗi kuma kuɗinsu sau takwas ya fi ƙarfin albashinsa, balle bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota zuwa Abuja ya haɗiye abin da ake ragewa. Albashin da uwargidan ke samu a makarantar da take aiki bai kai kuɗin makarantar yara biyu ba. Da suka zauna suka yi lissafi, sai suka ga gara ta koyar da nata a gida.

Yadda Yini Ke Tafiya

Ƙarfe biyar na asuba kowa ya tashi. A raira waƙa guda, ɗaya daga cikin yaran ya karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, maigida ya yi addu'a, ya kama hanya. Daga nan kowa ya san aikinsa, domin an rubuta an manna a ƙyaure: masu ɗebo ruwa, masu shara, mai ba kaji dusa, mai dama kunu. Ƙarfe takwas daidai ake buga wata tsohuwar garma da ke rataye a jikin mangwaro, to, makaranta ta buɗe. Daga wannan lokaci har azahar ba mai cewa Mama, sai dai Malama.

Aji uku ne a baranda guda. Manya biyu suna kan tebur da littattafan ƙaramar sakandare, na tsakiya uku suna kan benci, ƙanana uku kuwa suna bisa tabarma suna ƙirga da murafun kwalba. Malama takan fara da manya, ta ba su aiki, ta juya kan na tsakiya. Babbar 'yar, wadda duk gidan ke kira Yaya, ita ke riƙe da ƙanana. Da Hausa ake fara koya wa yaro haɗa baƙi, sai ya iya karanta ta sosai kafin a shigar da shi Turanci. Malama ta ce yaron da ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi ba ya tsoron takarda.

Wannan kuwa tsohuwar hanya ce. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sa hannu a ciki ƙwarai, Kiristocin Arewa da dama a majami'a ko a gaban iyayensu suka koyi karatu, ba a aji ba. Maƙwabtansu Musulmi ma sun san zaure da allo tun kafin zuwan boko. Ashe ke nan koyar da yaro a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Da la'asar sai a koma ga aikin hannu. Gidan yana da injin markaɗe, yaran ne ke karɓar kuɗi suna rubutawa a littafi, da dare a daidaita lissafi. Ranar cefane Malama takan tafi kasuwa da biyu daga cikinsu, ta ba su kuɗi da jerin abin da za a saya, mudu nawa na masara, ƙwarya nawa ta doya, su yi ciniki da bakinsu, su kawo canji daidai. Wanda ya yi kuskure, shi zai tsaya gaban allo washegari ya nuna inda lissafinsa ya karkace.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka abin duka zuma ne. Da farko dai akwai doka. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi gargaɗi, da tara, har da ɗauri ga wanda ya yi ta ƙi. Dokar ba ta ambaci karatun gida ba. A Amurka tun 1993 kowace jiha ta halatta shi, a Ingila ma an yarda da shi, Jamus kuwa ta hana. A nan gida Nijeriya mai yin sa yana tsaye ne tsakanin halas da haram, ba mai duba aikinsa, ba kuma mai taimakonsa.

Na biyu akwai takardar shaida. Hukumar NECO, wadda hedkwatarta ke Minna, da hukumar WAEC, duka suna da jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu, wadda mutum zai iya shiga ko ba ya wata makaranta. Amma jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin ta. Kuma uwa komai ƙoƙarinta ba ta da ɗakin gwaje-gwaje a bayan madafa.

A nan ne hankalin gidan ya rabu biyu. Yaya tana son zama ma'aikaciyar jinya, ilmin sinadarai da na halittu kuwa sun fi ƙarfin Malama, ita da kanta ta faɗa. In Yaya ta tafi makaranta, an rasa mai riƙe ajin ƙanana, ga kuɗi, ga fargaba. In ta zauna, an ci gaba da cin gajiyarta ana tauye ta. Suna cikin wannan shawara ne aka sace ɗalibai da malamai fiye da 200 a makarantar St. Mary ta Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara, ran 21 ga watan Nuwamba na 2025, har Gwamna Umaru Bago ya ba da umurnin rufe makarantun Jihar Neja. A makonnin nan maƙwabta da suka riƙa yi wa gidan kallon masu tsaurin kai su ne suka turo 'ya'yansu, Kirista da Musulmi, baranda ta cika har aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Malama ta mai da darasin addini zuwa asuba, lokacin da nata kaɗai ke nan, don kada ta shiga haƙƙin iyayen baƙi.

Abin mamaki, wannan cikowa ce ta warware gardamar. Uwargidan ta ce sai da ta ga yadda 'ya'yanta suka yi ta rawar jiki da baƙin yara, suna gasa, suna faɗa, suna shiryawa, sannan ta gane abin da bangon gida ya tsare musu. Makarantar Lahadi da taron matasan majami'a suna haɗa su da 'yan'uwansu Kirista kawai, alhali kuwa Suleja gari ne na kowa da kowa, yaron da zai zauna cikinsa tilas ya san ɗan maƙwabcinsa tun suna ƙanana. Daga ƙarshe suka yanke cewa duk wanda ya isa babbar sakandare zai fita, ko da za a sayar da kajin gidan ne. Yaya ce za ta fara, a makarantar jeka-ka-dawo, mai bi mata kuma ya gaji tabarmar ƙanana.

Abin Lura

Garin nan da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya ba sabon babban birnin tarayya sunansa bayan shawarar 1976, ya samo sunansa na yanzu ne daga Sarki Sulaimanu Barau, shi kuwa malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina kafin ya hau gadon sarauta. Bai kamata a ce a garin malami iyaye suna zaɓi tsakanin lafiyar yaro da ilminsa ba. Muna kira ga hukumomin ilmi su san da zaman irin waɗannan gidaje, su yi musu rajista, su riƙa gwada yaransu, su buɗe musu ƙofar jarrabawa. Ga iyaye kuma, wanda ba shi da lokaci da haƙuri da sanin abin da zai koyar, kada ya tsare yaro a gida da sunan karatu, don wannan zalunci ne.

Da za mu fito, autan gidan ya jawo mu zuwa allo, ya nuna mana baƙaƙe huɗu da ya rubuta da kansa, ɗaya a juye. Yaya ta kama hannunsa ta gyara masa. Allah ya raya su, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.