An gane mai laifi, to sai me? Ra'ayin wani mai karatu kan sababbin littattafan bincike da na al'ajabi

Jama'a masu karatu, duk wanda ya yi lakkwal a ƙasar nan tsakanin shekarun 1970 da na 1990 ya san waɗansu ƙananan littattafai masu baƙin bango da ake shimfiɗawa ƙasa a bakin kasuwa, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, da hoton mace riƙe da bindiga, da manyan haruffa uku a goshinsu: SAS. Bafaranshen nan Gérard de Villiers ne mai su. Ya fara a 1965, bai aje alƙalami ba sai da ajali ya cim masa a 2013, bayan ya cika littafi 200. Jaruminsa, Malko Linge, ɗan sarautar ƙasar Otirish ne mai yi ma hukumar leƙen asirin Amurka aiki. Ya kan sauka wata ƙasa ya tarar da rikici, ya harbe na harbewa, ya karɓi ladarsa, ya koma gyaran gidan kakanninsa. Har yankinmu ya leƙo, a cikin Putsch à Ouagadougou na 1984 da Panique à Bamako na 2012.

Ni ma na sha karanta su, ba zan ɓoye ba. Marubucin ya san sunan otal da na titi, ya san abin da ake raɗawa a gidajen jakadanci. Amma da na girma sai na lura baƙar fata a cikin labaransa ba ya wuce ɗayan uku: direba, ko maci amana, ko gawa. Ƙasarmu a wurinsa fage ne kawai da baƙi ke dambe a kai.

Yau al'amarin ya sake. A cikin shekaru ashirin da suka wuce ƴan Afirka sun shiga wannan fage da ƙarfinsu, suna rubuta labarin bincike, wanda Faransawa ke kira polar, da labarin al'ajabi mai tsafi da aljanu. Na karanta waɗansu daga ciki, kuma abin da na fahimta guda ne, shi nake so in baje muku. A littattafan Turawa na da, irin na Agatha Christie ta Ingila ko na Simenon mai kwamishina Maigret, da zarar mai bincike ya nuna mai laifi, labari ya kusa ƙarewa, domin an san akwai alƙali da gidan kaso suna jira. A namu kuwa, ranar da aka gane mai laifi ita ce ranar da wahala ke somawa. Wa zai kama shi? Ɗan wane ne? Wa ya tsaya masa?

Mu fara da maƙwabta. Marigayi Moussa Konaté na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2013, shi ya ƙago kwamishina Habib na ƴan sandan Bamako da yaronsa Sosso. A cikin L'Empreinte du renard, na 2006, an aike su ƙasar Dogon, inda samari ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutanen gari kuma sun ja bakinsu sun yi gum. A can ana duba ne da sawun yanyawa: boka ya zana ƙasa da maraice, da safe ya karanta inda dabbar ta taka. Habib ya zo da karatun lakkwal da kundin shari'a, sai ya tarar da wata shari'ar da ta girmi tasa, da rikicin ƙasar gado da kwaɗayin kuɗi a ƙarƙashinta. A cikin La Malédiction du Lamantin, na 2009, shugaban masunta Bozo ne aka tsinta matacce tare da matarsa bayan wani hadari. Jama'arsa suka ce ayun kogi ne ya yi fushi, wannan kogin Isa da ke ratsa Yamai. Manya kuma suka matsa ma Habib ya rufe bincike don a zauna lafiya.

Duk ma'aikacin da aka taɓa kira daga sama aka ce masa ya bar wata magana ta kwanta, zai ga kansa a cikin Habib. Konaté bai mai da al'ada abin dariya ba, bai kuma mai da ita abin da ba a tambaya ba. Aibinsa guda a ganina: wani lokaci ya kan tsaya yana bayanin al'ada dalla-dalla, ka ji da Bature mai karatu yake, ba da kai ba. Duk da haka, wanda bai taɓa karanta polar ɗin Afirka ba, da shi ya kamata ya buɗe baki.

Daga Bamako sai Legas. Leye Adenle ya fitar da littafinsa na farko a 2016, aka fassara shi da Faransanci da sunan Lagos Lady. An jefar da gawar wata mace a bakin wani gidan rawa, an yanke mata sassan jiki. Ƴan sanda suka kwashe duk wanda ke wurin, har da wani ɗan jarida ɗan Ingila. Wadda ta fid da shi ita ce Amaka, mace mai kare mata masu zaman kansu, wadda ke tara bayanai a kan attajiran da ke ɗaukarsu da dare, domin ta san in ta kai ƙara ba wanda zai saurare ta. Littafin yana gudu kamar motar da birki ya tsinke, jini kuma ya yi yawa, ban ba yaro shawarar ya taɓa shi ba. Ban kuma ji daɗin yadda aka ba Bature rabin labarin ya ba da shi ba, sai ka ce inuwar Malko ba ta gama gushewa ba. Amma a nan Baturen ne ake ja da hannu, mai gari ce ta san hanya.

Na biyu daga Legas ɗin shi ne na Oyinkan Braithwaite, na 2018, wanda aka sa ma suna Ma sœur, serial killeuse da Faransanci. Gajere ne, dare guda ya ishe shi. Babu ɓoyo a cikinsa: tun shafin farko mun san Ayoola, kyakkyawar ƙanwa, ta kashe saurayinta, kuma shi ne na uku. Yayarta Korede, ma'aikaciyar jinya, ita ke zuwa da ruwan Javel ta wanke jini, ta taya ta ɓatar da gawa. Sai ga shi likitan da Korede ke so a zuci ya fara neman ƙanwar. Marubuciyar tana ba da dariya, amma dariyar mai ɗaci ce, domin tambayarta ta shafi kowa: ina iyakar rufin asiri? Mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, nawa ne daga cikinmu suka biya ma ɗan uwa kuɗin da ya cinye na mutane, suka je wurin dattawa aka kashe magana, sa'an nan ya sake? Ɗan kasuwar da ya taɓa sa ƙanensa a kan dukiya ya san wannan ciwo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Femi Kayode, na 2021, Les Colliers de feu a fassarar Faransanci. Tushensa gaskiya ne: a watan Oktoba na 2012, a garin Aluu kusa da Fatakwal, taron jama'a ya kama ɗalibai huɗu na jami'a da zargin sata, aka yi musu duka, aka rataya musu taya aka cinna wuta, ana ɗaukar hoto da waya. Sai a 2017 kotu ta yanke ma mutum uku hukuncin kisa. A cikin littafin ɗalibai uku ne, mai binciken kuma, Philip Taiwo, ba ɗan sanda ba ne, masanin halayyar ɗan Adam ne da ya komo daga Amurka, uban ɗaya daga cikin yaran ya ɗauke shi aiki. Ba a neman wanda ya yi kisa, tun da fuskokinsu na cikin hoto. Abin da ake nema shi ne dalilin da ya sa gari guda, masu sana'a da iyali, suka zama makasa cikin sa'a ɗaya. Inda na saɓa da marubucin shi ne ƙarshe, domin ya rataya kaso mai yawa na laifin a wuyan wani mutum guda mai jan zare daga ɓoye, abin da ya rage ma taron nauyi. Amma duk wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a kasuwa, ya ga yadda sanduna ke tashi kafin a tambayi abin da aka sata, ya kamata ya karanta shi. Inda jama'a ta fid da rai ga alƙali, kowa alƙali ne, kuma wanda aka ƙone ba ya ɗaukaka ƙara.

To, ina labarin al'ajabi ya shigo? Waɗansu abokaina na ma'aikata sun ce wannan tatsuniyar yara ce. Ni ban yarda ba. Tun 1934 Abubakar Imam ya ba mu Ruwan Bagaja, manya suka karanta ba su ji kunya ba. Kuma in ka duba da kyau, ciwo guda ne littattafan biyu ke jinya. Mai labarin bincike ya nuna maka gaskiya ta bayyana amma hukunci ya gagara. Mai labarin al'ajabi kuwa ya ce, tun da shari'a ta gaza, bari in ba mai rauni wani ƙarfi daga gaibu.

Haka Tomi Adeyemi ta yi a cikin De sang et de rage, wanda ya fito da Turancin Ingila a 2018. Sarki Saran ya karkashe masu tsafi a ƙasar Orïsha, yarinya Zélie ta tashi neman maido da ƙarfin mutanenta. An sayi littafin ƙwarai a duniya, kuma ita kanta marubuciyar ta bayyana cewa kisan da ƴan sanda ke yi ma baƙar fata a Amurka ne ya tunzura ta. A nan ne nake da ƙorafi: sunaye na Yarabawa ne, gumaka na Yarabawa, amma zuciyar samarin da maganarsu ta Amurka ce. Riga ce ta gida a jikin baƙo. Yara za su so shi, dattijo zai gaji.

Nnedi Okorafor, wadda ita ma a Amurka aka haife ta, iyayenta ƴan ƙabilar Ibo, ta fi zurfi. Littafinta Qui a peur de la mort ?, na 2010, wanda ya ci babbar kyautar labarin al'ajabi ta duniya a 2011, ya samo asali daga abin da aka yi ma mata a yaƙin Darfur. Jarumar, Onyesonwu, ɗiyar fyaɗe ce, ƙabilar uwarta na ƙyamarta, ta ubanta na farautar mutanenta. Ba littafin nishaɗi ba ne, ya kan hana barci. Akwai kuma wani nata da ya shafe mu kai tsaye: The Shadow Speaker, na 2007, wanda aka sake bugawa a 2023. Labarinsa a ƙasar Nijar yake faruwa, a shekara ta 2070, da yarinya Ejii mai jin maganar inuwa, da wata jaruma mai suna Sarauniya Jaa. Mai karatu na nan ba zai rasa tuna Sarauniyar Lugu ba, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980. Na yi murna da na ga sunan ƙasata a ciki, amma Nijar ɗin tata ta hange ce daga nesa: ga rairayi, ga raƙumi, babu ƙamshin kasuwar da na sani.

Wannan shi ya kawo ni ga abin da ke damuna. Bamako ta samu Habib, Legas ta samu Amaka, mu fa? Ba labari muka rasa ba. Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya kaɗai ta ishi marubuci littafi goma: man fetur na jarka, kayan da ke kwana nan su wayi gari can, amanar miliyoyi da ake ba mutum ba takarda ba shaida. Ga filin da aka sayar ma mutum biyu, ga gadon da ya raba ƴan uwa, ga bokan da ya yi alkawarin ninka kuɗi. Tun farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya da Hausa a kan fasa-ƙwauri, ya nuna harshenmu na iya ɗaukar irin wannan kaya. Muna da tsofaffin jandarmomi da ƴan duwan da magatakardan kotu da suka yi ritaya da cikinsu cike da abin da suka gani, suna ba da shi a bakin shago bayan la'asar, iska na kwashewa. In ba su rubuta ba, wani baƙo zai zo ya kwana uku a otal ya rubuta mana, mu sake zama direba ko gawa.

Shawarata ga mai son farawa: ya nemi Konaté tukuna, sa'an nan Braithwaite, sa'an nan Kayode, in zuciyarsa na da ƙarfi ya ƙara da Okorafor. Littafi sabo na da tsada ga ƙaramin ma'aikaci, gaskiya ne, amma mutum biyar in suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya, kowa ya karanta ya miƙa ma na gaba, kamar yadda muka yi da SAS a zamaninmu, ba wanda zai ji nauyi. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kwatano ko Abijan kuma, ya sa guda biyu a cikin kaya ba za su ƙara masa kuɗin mota ba.

Wanda ya karanta ya ga ra'ayina bai yi masa ba, fili a buɗe yake, ya aiko da nasa. Allah ya ba mu alƙalai masu gaskiya, ya ba mu marubutan da za su tuna musu. Sai wani mako.