Tsara darasi: ina kuskure ya tsaya, ina rashin ƙwarewa ya fara?

A watan Yuli na 2017, ma'aikatar ilimin firamare ta Nijar, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta yi wa dubban malaman kwantaragi jarrabawar faransanci da lissafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. An soke kwantaragin waɗanda suka fi yin ƙasa, an tura wasu ƙarin horo, ƙungiyoyin malamai kuwa suka yi tir da matakin. Tambayar da rikicin ya tayar tana nan har yau a garuruwa irin su Gidimuni, cikin gundumar Damagaram Takaya: yaushe ake yafe wa malami, yaushe kuma ake cewa bai iya aikin ba?

Amsar tana cikin takardar shirin darasi, wadda malami yake rubutawa kafin ya shiga aji. A nan yake faɗin abin da yake so yara su iya, da matakan da zai bi, da yadda zai gwada ko sun gane.

A ɗauki misalin malamin ajin CE2 da ya shirya darasin rabawa: sandunan rake 24 tsakanin yara 6. Ya cika misalai har lokaci ya ƙare bai ba da aikin gwaji ba, ko ya rubuta 42 a allo maimakon 24. Wannan kuskure ne. Alamarsa, da zarar darakta ko mai ba da shawara kan koyarwa ya nuna masa, zai gane dalili, kuma darasin gobe zai fi na yau.

Rashin ƙwarewa yana da wasu alamomi. Malamin shi kansa bai iya rabawar ba, ko ya kawo ta alhali yara ba su riƙe ninkawa ba, ko ya yi gwaji kan abin da bai koyar ba. An yi masa gyara, an sake yi, takardar ba ta canza ba. Yafiya a nan cutar da yara ce, domin ajin gaba a kan na baya ake gina shi. Maganinsa horo ne, a tarurrukan CAPED inda malamai ke gyara wa juna darasi, ko a makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram. Idan horon bai kama ba, sai a canza masa aiki.

Akwai kuma laifin da ba na malami ba. Cibiyar INDRAP da ke Yamai ce ke tsara littattafai. Idan darasi ya ɗauka cewa yaron da ke jin Hausa ko Barbarci a gida ya riga ya ji faransanci, gyaran daga can zai fito. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare a Nijar ne ya kai matakin da ake buƙata a karatu. Giɓi irin wannan ya fi ƙarfin malami guda.

Don haka, kafin iyaye a kwamitin COGES su kai ƙara wurin sufeto, su fara duba littafin yaro, su tambayi darakta ko an taɓa nuna wa malamin kuskuren, da abin da ya yi bayan nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.