Wasan Dolfin, Wasan Kura, da Mas'alar Hankalin Dabba

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau daga birnin Katsina zai taɓo wata mas'ala wadda magabata suka daɗe suna muhawara a kanta, masanan zamani kuma har yanzu ba su rufe babinta ba, wato ko dabba tana da hankali, ko kuwa abin da muke gani gare ta ilhama ce kawai da horo.

Ko da yake tsakaninmu da bakin teku a Ikko akwai tafiyar da ta haura kilomita 1000, da yawa daga cikinmu kuma ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Zobe ko ta Jibiya faɗi ba, yau da wuya ka sami yaron da bai taɓa kallo a waya ba yadda wata dabbar ruwa da ake kira dolfin take tuma sama ta wuce ta cikin zobe, ta ɗauki ƙwallo bisa baki, ta yi tafiya da baya a kan wutsiya, 'yan kallo suna tafi. Siffarta ta kifi ce, amma ba kifi ba ce, domin haihuwa take yi ta shayar, iska kuma take shaƙa ta wata kafa da ke tsakar kanta. A wajen shayarwa da shaƙar iska ta yi daidai da ayu, wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani tun kaka da kakanni. An buɗe gidan kallonta a Florida ta Amurka a 1938, daga baya kamfanin SeaWorld ya buɗe nasa a San Diego a 1964, sana'ar ta bazu.

To, mu Katsinawa wannan sana'a ba baƙuwarmu ba ce, dabbar ce kawai ta bambanta. Wanda ya taɓa tsayawa a da'irar gardawa ranar kasuwa ya san yadda abin yake: ga gardi sanye da warki da layu, akayau na kaɗawa a ƙafa, ga kura da takunkumin igiya a baki da sarƙa mai nauyi a wuya, ganga na tashi, shi kuwa yana jan ta yana sassautawa, kulki na ɗaya hannun. Can gefe goggon biri ya sa riga yana miƙa hannu a ba shi kuɗi. In ka tambayi gardi sirrin abin, sai ya ce maka gado ne, kuma an sha magani. Ba mu zo ƙaryata shi ba. Amma wanda ya kawar da ido daga kura ya dubi hannun gardi, zai ga cewa kowane motsi nata yana biye da wani motsi nasa, kuma ta san lokacin nama, ta san lokacin kulki.

Haka mai horar da dolfin yake yi, sai dai shi usur ya rataya a wuya, bokitin kifi na gefensa. Ba ya koya mata tsalle gaba ɗaya. Da fari in ta taɓa sanda da baki sai ya busa usur ya jefa mata kifi, gobe ya ɗaga sandar kaɗan, jibi ya ƙara, har ranar da za ta fito daga ruwa ɗungurungum don ta taɓa ta. Abin da ɗan kallo ya biya kuɗi ya gani, galibinsa haƙurin mai horo ne da yunwar dabba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan mas'alar horon dabba, domin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, sai ya zama wajibi a fayyace mene ne horarre. A wurin Malikawa, shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'awa suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama. Sun tabbatar wa kare da shaho ta'allumi ke nan, wato iya koyo, ba tare da sun ɗora musu taklifi, wato nauyin shari'a, ba. Tun kafin wannan zamani da fiye da shekara 1000 kuma Jahizu na Basra ya cika littafinsa Kitabul Hayawan da lura da dabarun dabbobi.

Sai dai ido yana ruɗuwa, kuma babu ƙissar da ta fi bayyana haka kamar ta wani doki a Balin ta Jamus, wanda ake kira Hans. Ubangidansa, Wilhelm von Osten, ya haƙiƙance dokin ya iya lissafi, domin in an tambaye shi uku a tara da huɗu sai ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. A 1904 wani kwamiti ya bincika bai sami algus ba. Sai wani masani, Oskar Pfungst, ya yi dabarar sa wanda bai san amsa ba ya yi tambayar, ko kuma a rufe wa dokin ido, nan take lissafi ya rushe. Ashe fuskar mai tambaya da kafaɗunsa yake duba, da zarar ya kai adadin, mutum ya ɗan saki jiki ba da saninsa ba, shi kuwa ya daina bugu. Turawa suka ce asiri ya tonu. Amma ni a ganina, a garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon doki, Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi, babu mahayin da zai raina wannan doki, domin kowa ya san dokin kirki yana karanta cinyar mahayinsa tun kafin linzami ya motsa. Hans bai san hisabi ba, amma ya ga abin da kwamitin masana ya kasa gani.

Daga nan masana suka koyi kaffa-kaffa. A Hawai, Louis Herman ya koya wa wata dolfin mai suna Akeakamai ishara da hannu, mai yin isharar kuwa an rufe masa ido da baƙin tabarau don kada kallonsa ya ba da satar amsa. Sakamakon da ya wallafa a 1984 ya nuna tana bambance umarnin kai ƙwallo wurin zobe da umarnin kai zobe wurin ƙwallo, alhali isharorin ɗaya ne, tartibinsu kaɗai aka juya, har a jumlolin da ba ta taɓa gani ba. Ɗaliban nahawu na makarantun zaure sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin shi, a 1969, Karen Pryor ta ba da labarin yadda ta ƙi ba wasu dolfin biyu, Malia da Hou, kifi sai in sun zo da motsin da ba su taɓa yi ba. Bayan kwanakin ruɗewa da fushi, sai suka gane ƙa'idar, suka shiga ƙirƙiro sababbin wasanni ɗaya bayan ɗaya. A 2001 kuma aka wallafa yadda, a birnin New York, aka shafa wa wasu dolfin biyu alama a inda ba sa iya gani a jikinsu, suka nufi madubi suna juyawa don su duba wurin.

In kuwa haka ne, sai wata tambaya mai nauyi ta taso, wadda gardi da mai usur duk ba su son ji. An kama wani orka, babban ɗan'uwan dolfin, mai suna Tilikum a gaɓar Iceland a 1983 yana ɗan shekara biyu ko kusa da haka, aka tsare shi a tafkin siminti, dabbar da a teku takan yi tafiyar kilomita masu yawa a yini tare da danginta. A watan Fabrairu na 2010, a Orlando, ya janyo mai horar da shi cikin ruwa ya halaka ta. Indiya ta hana gidajen wasan dolfin a 2013, SeaWorld ta daina hayayyafar orka a 2016, Kanada ta kafa tata dokar a 2019. Mu da muka tashi da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ma bukatar a fassara mana dalilin wannan.

Akwai kuma inda babu usur, babu bokiti, babu sarƙa. A gaɓar Muritaniya, masuntan Imragen sun shahara da bugun ruwa da sanda lokacin da garken kifi ke wucewa, dolfin su matso su koro kifin zuwa ga taru, kowa ya sami rabonsa, ko da yake al'adar ta ja baya ƙwarai a yanzu. A garin Laguna na Barazil kuwa har yau ana yi, fiye da shekara 100 ke nan: masunta sukan jera cikin ruwa iya ƙugu, birgi a hannu, ruwan kuma gurɓatacce ne ba su ganin kifi, sai dolfin ta koro garken ta yi wani nutso na musamman, sa'an nan su watsa. Masuntan sun san kowace da sunanta, sun san wadda ishararta abin dogaro ce da wadda ba a biye mata, 'ya'yan dolfin kuma a gefen uwayensu suke koyon aikin.

A nan za mu dakata.